Na Hana Mu Tafi Malesiya, Wurin Wasan Kusa Da Gida Ya Kusa Raba Ni Da 'Yata

Edita, ina yi maka sallama da masu karatu baki ɗaya. Ban taɓa rubuto wa wata mujalla ba, kuma ina roƙon a sakaya sunana, domin yarinyar da zan ba da labarinta ta girma, ba za ta so a nuna ta da yatsa ba.

A lokacin da abin ya faru, wajen shekarar 2012, ina da shekara talatin da 'yan kai. Bakaniya ce ni, aure ne ya kai ni Dubai. Maigidana harkar kago yake yi a unguwar 'yan kasuwa ta Naif. 'Yan kasuwa za su zo daga gida su sari abaya da takalma da jakunkuna, shi kuma ya haɗa musu kayan ya tura. Muna zaune a wani ɗan filat mai ɗaki biyu a wajen Al Warsan, mu da 'ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara goma sha ɗaya da ƙanwarsa mai takwas. Ita macen da sikila aka haife ta. Duk uwar da ke da irin wannan ɗa ta san yadda rayuwa take komawa. Ni dai na zama mace mai tsoron komai. Ina tsoron esi, ina tsoron rana, ina tsoron ruwan firji, ina tsoron atishawar ɗan maƙwabta. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin kaina a kan wannan tsoron, ina ganin babu uwar da ta kai ni lura. Idan na ji an ce ɗan wance yana kwance sikila ta tashi, a raina sai in ce sakacin uwarsa ne.

Ana sauran 'yan makonni a fara azumi maigidana ya dawo da wata magana. Ya ce tun da muka zo ƙasar nan yaran ba su taɓa zuwa ko'ina ba sai Kano, ga abokan sana'arsa kowa yana kai iyalinsa Malesiya, an ce masa akwai wani wurin wasan yara a can kan dutse, sai an hau wani abu mai kama da akwati yana tafiya a kan igiya kafin a isa. Yana so idan an yi ƙaramar sallah mu tafi, tunda yara na hutu kuma zafin Dubai a wannan lokacin ba ya barin mutum ya leƙa waje. Kuskuren da ya yi shi ne a gaban yaran ya faɗa. Namijin ya dinga tsalle, washegari duk yaran benenmu sun ji cewa za shi Malesiya. Ita ma ƙaramar ta ɗauko jakarta ta makaranta ta zazzage littattafan ta fara cusa kaya.

Ni kuwa tun daga wannan rana hankalina ya tashi. Ina tuna sanyin cikin jirgi, da awannin da za a kwashe a sama babu asibiti babu likita. Na taɓa jin cewa iskar kan dutse ba ta yi wa masu sikila daɗi. Sai in ga kaina a wata ƙasar da ban san kowa ba, riƙe da yarinya tana murƙususu, ina tambayar hanyar asibiti. Ban je na tambayi likitarta ba. A ganina na fi kowace likita sanin 'yata. Na yanke hukunci ni kaɗai cewa ba za mu je ba, wata ranar Juma'a bayan an ci abincin rana yara sun shige ɗakinsu, na faɗa masa.

Gardama ta yi zafi a ranar. Ya ce mun sha shiga jirgi da ita zuwa Kano ba abin da ya same ta, na ce Kano gida ce, ko ta tashi akwai dangi akwai asibitin da ya san ta. Ya ce tsorona ya yi yawa, na ce shi da yake wuni a Naif bai san abin da ake ciki ba. Daga nan murya ta fara tashi. Na ce masa da a ce yarinyar nan lafiyarta ƙalau ai ni zan fara haɗa akwati. Shi kuma ya ce, "To yanzu saboda yarinya ɗaya duk gidan nan sai mu zama fursunoni?" Bangon irin waɗannan gidaje kamar kwali yake, ko cokali aka yar a falo ana ji a ɗaki. Babu wanda ya tuna da haka a cikinmu.

Ni na yi nasara. Ya haƙura, ya ce in zaɓi inda nake so a cikin gari. Na zaɓi wani babban wurin wasan ruwa da ba shi da nisa da mu, na ce wannan ko me ya faru ga asibitinmu nan kusa. A cikin azumin na lura namijin ya daina kula ƙanwarsa, idan ta zauna kusa da shi sai ya tashi. Ita kuma ta yi wani irin shiru. Maganinta na kullum da sai na bi ta da shi, ta koma ɗauka da kanta ta sha ta nuna mini bakinta. Na ji daɗi, na ce yarinya ta fara hankali.

Ranar da za mu je, 'yan kwanaki bayan sallah, aka bugo wa maigidana cewa wasu baƙinsa sun sauka daga Kano kuma kayansu na jiran awo. Ya kai mu har ƙofar wurin, ya ce zai dawo ya ɗauke mu kafin magariba. Abin da har yau nake jinjinawa shi ne yadda na fita a ranar. Ni da ko kanti za mu sai na ɗauki fulas na ruwan ɗumi da rigar sanyi da maganin rage zafin ciwo, ranar tawul biyu kawai na ɗauka da kayan canji. Maganin na jefa shi a jaka, jakar kuma na kulle ta a durowar ajiya da ke bakin ƙofa. Duk tsoron da nake da shi na riga na ƙarar da shi a kan Malesiya. Nan kuwa gida ne.

Rana ce irin wadda iska take da nauyi, kana tsaye gumi na bin bayanka. Amma da na sa ƙafata a ruwan sai na ji shi da sanyi sosai, ashe sanyaya shi suke yi a lokacin zafi. Na ɗan yi jim, sai na kalli fuskar yarinyar. Tana dariya irin wadda na daɗe ban ga ta yi ba, yayanta ma ya sake, har yana riƙe hannunta. Na ce bari in bar su, sau ɗaya dai. Suka yi ta shiga suna fita, su hau dogon bene cikin rana su zamo ta cikin bututu su faɗa ruwan sanyi, su sake komawa. Da azahar muka shiga wurin cin abinci, esi na busawa kamar cikin firji, kayan jikinsu a jiƙe. Na ga haƙoranta na haɗuwa, na lulluɓe ta da tawul wanda shi ma ya jiƙe. Abincin kaɗan ta taɓa. Ruwan sha ma sai da na matsa ta kurɓa. Na tambaye ta ko wani wuri na yi mata ciwo, ta ce ba komai Umma, ta yi murmushi. Da za mu tashi na ga ta dafa tebur kafin ta miƙe, na sake tambaya, ta ce ƙafarta ce ta sage don zama. Na yarda, saboda ina so in yarda.

Akwai wani ɗan rafi da aka zagaye wurin da shi, ana hawa tayar roba ruwan ya yi ta tafiya da mutum a hankali. Ta ce can take so, ba ta son bututun kuma. Na ji daɗi tunda ba wahala a ciki. Yayanta ya raka ta, ni kuma na zauna ƙarƙashin wata lema a bakin rafin na kira yayata a Kano, ina ba ta labarin yadda na kuɓutar da mu daga tafiyar wahala. Duk zagayen da suka yi sai su wuce ta gabana in ɗaga musu hannu. Ina cikin wayar na hango tayarta ta sake karyo kwana. Wannan karon ba a zaune take ba. Ta kife a kan tayar, fuskarta dab da ruwa, hannu ɗaya na lilo a ciki, ruwan na tafiya da ita a hankali kamar wani kaya da aka yar. Yayanta na biye da ita yana jan tayar yana kiran sunanta, mutane na wucewa ta gefensu suna dariya, babu wanda ya lura.

Ban san inda na jefa wayar ba. Da abayata da komai na faɗa ruwan. Da na ɗago ta jikinta sanyi ƙalau, leɓenta na ƙasa na jini saboda cizon da take yi masa don kada ta yi ihu. Na sungume ta, da hannuna ya taɓa bayanta sai ta saki wata ƙara da har yau idan na tuna tsigar jikina ke tashi. Amma maganar farko da ta fito daga bakinta ba ta ciwon ba ce. Ta ce, "Umma, kada mu tafi gida. Ki bari Yaya ya gama wasansa, zan iya jira."

Na fito da ita bakin ruwa ina salati ina kiran taimako. Turancin da na iya duk ya gudu, Hausa kawai ke fita. Masu tsaron ruwa suka taru suna zaton ruwa ta sha, ɗaya har yana shirin danna mata ƙirji, ni kuma na kasa yi musu bayani. Allah ya kawo wata mata mai aikin share ɗakin canza kaya, babba ce, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Ashe 'yar Zango ce, unguwar Hausawa a Gana. Ta ratso mutane ta ce da ni da Hausarsu, "'Yata, menene ya same ta?" Na ce sikila. Ita ta juya ta faɗa musu, ta kawo busassun tawul muka cire wa yarinyar jiƙaƙƙun kaya muka naɗe ta, ta karɓi makullin durowar daga wuyan hannuna ta je ta ɗauko jakata. Wayarta na ara na kira maigidana. Ban ƙara ganin matar nan ba, ko sunanta ban tambaya ba, amma ba na yin sallah ban sa ta a addu'a ba.

A motar asibiti yarinyar na kwance an sa mata ƙarin ruwa, yayanta ya takure a lungu ba riga, yana rawar sanyi, ya kasa kuka. Asibitin da nake taƙama da kusancinsa, a ranar ji na yi kamar a wata duniya yake. Duk inda motar ta rage gudu sai in leƙa in ga me ya tare mu. Maigidana ya baro Naif cikin cunkoson yamma, ya iso an riga an shigar da ita. Aka yi mata allurar rage zafi, ta samu ta yi barci, muka ɗauka mun tsallake.

Washegari da hantsi zazzaɓi ya rufe ta. Ta fara tari, tana cewa ƙirjinta. Ina kallon haƙarƙarinta na shiga yana fita da sauri kamar na ɗan tsako. Wata na'ura da aka maƙala mata a yatsa ta fara ƙara, nas ta shigo ta duba ta fita da gudu, ta dawo da wasu. Likitar, wata Balarabiya mai sanyin magana, ta ja mu gefe ta ce ciwon ya hau huhu, wannan shi ne abin da suka fi tsoro ga masu sikila, za a kai ta ɗakin kulawa ta musamman a sa mata iska a kuma canza mata jini. Maigidana ya tambaye ta ko yarinyar za ta tashi. Ba ta ce e ba. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, mu yi addu'a. Na zauna a ƙasan baranda.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya jera su ba, sun cakuɗe mini. Abin da na sani shi ne ta cikin gilashi nake kallonta yawancin lokaci, abin shaƙar iska ya rufe rabin fuskarta, idanunta sun yi rawaya. Duk likitan da ya nufo inda nake sai in ce shi ke nan ya zo faɗa mini. Na kasa kiran mahaifiyata. Har na fara tunanin da ba ya faɗuwa, na ko a nan za a binne ta ko a kai ta gida, sai in yi saurin neman tsari in tashi in yi alwala.

A cikin kwanakin ne namijin ya ƙi cin abinci. Wata maƙwabciyarmu da muka bar shi a wurinta ta bugo ta ce yaron nan ba ya magana, ba ya barci. Babansa ya je ya ɗauko shi, a mota ya fashe da kuka ya faɗa masa komai. Duk gardamar da muka yi sun ji ta. Tun daga ranar yake gaya wa ƙanwarsa cewa ita ce ta hana su zuwa Malesiya, ita ce take ɓata komai. Da safen ranar da za mu fita kuma ya ce mata idan ta kuskura ta yi ciwo aka fasa wannan ma, ba zai ƙara yi mata magana ba har abada. Maigidana ya zo ya same ni a baranda ya maimaita mini. Na buɗe baki zan fara faɗan yaron, sai ya ce, "Ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. A bakina ya ji ta." Na ce a nawa ma ya ji. Babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa a cikinmu.

Allah cikin ikonsa, bayan canjin jinin numfashinta ya fara daidaita. Aka rage iskar, aka cire ta, aka mayar da mu ɗakin yara. Ranar da ta iya zama ta sha shayi, likitar ta zo ta zauna a bakin gadon tana wasa da ita, ta tambaye ta a hankali yaushe ciwon ya fara a ranar. Ni duk zatona za ta ce bayan cin abinci. Sai ta kalle ni, ta sunkuyar da kai, ta ce tun da ta tashi daga barci hannunta ke ciwo, tun kafin mu bar gida. A banɗaki ta tsaya ta jira ya ɗan lafa sannan ta fito ta sa kaya. Wato wunin nan gaba ɗaya, da hawan benen da ruwan sanyin da dariyar da na gani na ji daɗi, duk a cikin ciwo ta yi su. Yarinya 'yar shekara takwas. Na fita daga ɗakin don kada ta ga fuskata.

Kafin a sallame mu na tambayi likitar abin da ya kamata in tambaye ta tun farko, na ce da mun tafi Malesiya fa. Ta ce ba za ta iya ce mini da hakan ya fi ba ko da ya fi muni. Yara masu sikila suna tafiya mai nisa idan an shirya, a duba jininsu kafin a tashi, a san asibitin da za a nufa a can, a kiyaye sanyi da ƙishirwa, wani wurin kuma ta kan ce kada a je. Ta ce wurin wasan ruwan ma shirin da yake buƙata ke nan, kuma da ta san yarinyar ta tashi da ciwo a ranar, ko ƙofar gida ba za ta bari a fita da ita ba.

Jikinta ya warke a hankali, duk da ta daɗe tana haki idan ta hau bene. Abin da ya fi wuyar warkewa shi ne ɓoye ciwon. Ya zame mata ɗabi'a. Sai da muka zaunar da su su biyun, babansu ya ba ta haƙuri da bakinsa, ya ce mata babu wata tafiya ko wasa da ta kai ta a wurinsa, ya gaya wa yayanta cewa mu ne muka yi laifi ba shi ba. Duk da haka an ɗauki shekaru kafin ta koma faɗa mini tun ciwo yana ƙarami. Yayan kuwa ya koma irina, shi ne mai bin ta da gorar ruwa, har sai ta yi masa tsawa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na ga lokacin hutu ya gabato, iyaye na ta shawarar inda za a kai yara, nesa ko kusa. Ni na ɗauka haɗari yana can inda ban sani ba, na saki jiki da abin da ke ƙofar gidana. Idan kina da yaro mai lalura, ki je ki tambayi likitansa kafin ki yanke, kuma shirin da za ki yi wa tafiyar jirgi ki yi wa ta cikin gari irinsa. Abin da ya fi wannan, ku iyaye ku kiyaye bakinku. Ku yi gardamarku inda yara ba sa ji, kada ku taɓa bari yaro marar lafiya ya ji cewa saboda shi aka fasa wani abu, ko da gaskiya ne. Ba zai yi muku musu ba, ba zai yi kuka a gabanku ba. Zai je ya yanke shawara a ransa cewa ba zai ƙara zama muku nauyi ba, kuma hanyar da ya sani ɗaya ce, ya yi shiru. Tawa Allah ya bar mini ita, amma ba don dabarata ba, domin ina zaune a ƙarƙashin lema ina yabon kaina lokacin da ruwa ya kawo mini ita a kife.